Dutsen Dinah a Matsirga

Ranar Talata bayan la'asar Idrisu ya sauke ni daga babur a bakin tsohon garinmu. Da hantsi muka so isowa. Taya ta yi faci sau biyu tsakanin Birnin Gwari da Gayam, sannan muka tarar rafi ya cinye hanya, sai da muka zagaya.

Rafin Marke ke nan, sunan garin namu. Shekara huɗu babu wanda ya kwana a cikinsa. Ciyawa ta fi ni tsayi a tsakar gidana. An kwashe kwanon coci. Masallacin su Idrisu ya rufta ta gabas, ɗan marke ya tsiro a inda liman ke tsayawa.

Idrisu maƙwabcina ne tun muna kiwon awaki. Ya kashe babur, ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Matiyu, mu juya. Gobe da sassafe sai mu dawo."

"Dinah ba za ta kai jibi ba."

"To, bari in raka ka."

"Da wane dutsen?"

Ya kawar da kai. Nasa ya ɓace ranar da aka ƙona masa gida.

"Taurin kan nan naka dai da shi za a binne ka," in ji shi. "Idan rana ta taɓa kan tsaunin can ban gan ka ba, zan yi ta danna oda har ka sauko. Ka bi ƙarar."

Na gyara malfata, na laluba aljihu. Dutsena yana nan, baƙi, kamar ƙwan zabo. Wuƙata ma tana nan. Na kama hanya.

A bayan garinmu akwai tsauni, a bayan tsaunin kuma dajin Kamuku ya miƙe. Can sama akwai matsirga, inda rafi ke faɗowa daga kan dutse, tsayin giginya biyu, ya zuba cikin wani gurbi mai zurfi. Wurin yana da masu shi. Ba mu taɓa ganin su ba, ba ma kiran sunansu. Masu Ruwa kawai muke cewa.

Dokarsu ba ta da yawa. Kowa a garin yana da dutsensa. Yaro in ya iya tafiya, uwarsa za ta kai shi bakin rafi ya zaɓi nasa da hannunsa. A ƙwarya ake ajiye su, bayan ƙofa. In za ka hau matsirga, ka ɗauki naka. Daf da ruwan akwai wani faffaɗan dutse da muke kira Tabarma. Nan za ka ajiye, kamar yadda baƙo ke cire takalmi a ƙofar zaure. In za ka sauko, ka ɗauki abinka. Wanda ya bar nasa, Masu Ruwa sun ɗauka bai tafi ba, ya zama na gida. Kuma ba a ɗauko wa wani. Kakata ta ce in dole ta sa ka ɗauki na wani, to naka ne zai zauna a gurbinsa.

Fasto ya yi wa'azi a kan wannan al'ada, liman ma ya yi. Amma ranar Litinin ɗin Ista, da muke hawa gaba ɗaya da shinkafa da ganguna, na sha ganin fasto ya sunkuya a Tabarma kamar mai gyara igiyar takalmi. Bayan Sallah su Idrisu su ma su hau, su ma su sunkuya. A tsawon rayuwata ban ji ruwan ya ci kowa ba, sai 'yata.

'Ya'ya biyar muka haifa da matata Dinah. Susan kaɗai ta rayu. Shekararta ashirin, saura wata biyu ta tafi makarantar koyon jinya. Yarinya mai surutu, ba ni ta biyo ba. Kullum sai ta ce za ta ƙona malfata ta saya mini hular mutane.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo garin ina fadama. Mata suna matsirga suna wanki. Harbi ya tashi daga ƙasa, suka watse. Susan tana kan dutsen wanki a gefen zurfin. Ta juya da sauri, santsi ya kwashe ta. Ba ta taso ba. Habiba, matar Idrisu, ita ta ja Dinah da ƙarfi ta sauko da ita. A daji muka haɗu, kwana biyu muna tafiya kafin mu shiga Birnin Gwari. Ba gawa, ba kabari.

Bayan sati uku sojoji suka raka mu muka kwashi abin da ya rage. Na ɗauko ƙwaryar bayan ƙofa tare da sauran tarkace. Dutse ɗaya ne a ciki. Ban sa komai a raina ba.

Muka kama ɗaki a unguwar Magajin Gari. Dinah ta fara ramewa a hankali, kamar sabulu a cikin ruwa. Shekara ta farko mun ce baƙin ciki ne. Ta biyu aka kai ta asibiti, aka auna jini, aka auna ƙirji, aka ce ba a ga komai ba. Ta uku na lura matashin kanta yana jiƙewa, ba da hawaye ba. Gashinta ba ya bushewa, ko a tsakiyar bazara. Ɗakin yana warin gansakuka. Da yamma takan zauna a bakin ƙofa ta karkata kai, kamar mai sauraron rediyon maƙwabta. In na yi magana sai ta ɗaga mini hannu.

Bana ta daina cin abinci. Aka yi mata ƙarin ruwa, aka sallame mu. Ranar Lahadi Habiba ta zo dubiya, ta taɓa gashinta, ta shinshina hannunta. Ta kira ni waje.

"Baban Susan, ranar nan ta ɗauki dutsenta kuwa?"

"Ba tare kuka sauko ba?"

"Tare. Na ɗauki nawa, na ga ta durƙusa a Tabarma. Na zaci ta ɗauka. Ni dai jan ta nake yi."

Na koma ciki na tambayi Dinah. Ta juya fuska bango.

"Na manta," in ji ta.

Na yarda. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Hanya ta ɗan buɗe bana, manoma sun fara komawa. Shi ya sa na nemi Idrisu.

Hawan ya fi yadda na sani wuya. Hanyar ta mutu, sai da na riƙa tsaga ciyawa da hannu. Ƙarshen damina ne, ƙasa tana da laushi, ko'ina ƙamshin ganye da jiƙaƙƙen itace. Gwiwoyina suna ƙara. Na wuce ɗorawar da muke hutawa, na wuce kaɗanyar da tsawa ta raba biyu. Birai suka tsaya a kan duwatsu suna kallona, ba su gudu ba. Sun manta mutum.

Tun daga nesa na fara jin ruwan. Da fari kamar iska a cikin gora. Sai ya zama kamar jirgin ƙasa. Na tsaya na riƙe wata bishiya, ba don gajiya ba.

Na isa Tabarma.

Na ciro dutsena na ajiye, yadda na saba tun ina yaro. Sannan na duba.

Ganye ya rufe ko'ina, gansakuka ta yi kore shar a kan dutsen. Sai wuri ɗaya, faɗin tafin hannu biyu, a share tas kamar yanzu aka wanke. A nan duwatsu biyu suke. Ja mai farin zane a tsakiya, na Dinah. Fari ƙarami mai santsi, na Susan.

A ɗaure suke tare.

Na durƙusa. Ƙyalle ne aka yaga daga bakin zani, zanen zumuntar mata na cocinmu. Shekara huɗu a ruwa da rana, bai ruɓe ba, ko koɗewa bai yi ba. Na dubi ƙullin. Zagaye biyu, sannan a cusa bakin ta ƙasa. Haka Dinah take ɗaure bakin buhun masara. Na sha yi mata faɗa a kan ƙullin nan, don ba ya kwantuwa sai da wuƙa.

Ba mantawa ta yi ba.

Ana harbi, Habiba tana jan ta, ta tsaya ta yagi zaninta ta ɗaure kanta da 'yarta.

Na daɗe a durƙushe. Na ciro wuƙa, na mayar. Hannuna ya ƙi. Na ce bari in ga ruwan tukuna.

Yana nan yadda yake. Wannan ne ya fi ba ni haushi. An ƙona gari, an watse, mutane sun mutu, shi kuwa yana zubowa fari fat kamar auduga, bai rage komai ba. Rana ta karkata tana dukan feshin, bakan gizo ya tsaya a gindinsa. Iska mai sanyi tana fitowa daga kwazazzabon tana busa mini riga. Ƙananan tsuntsaye suna shiga bayan ruwan suna fitowa.

Na cire takalmi, na zauna a kan wani dutse, na tsoma ƙafafuna. Sanyin ya hau har ƙwaƙwalwa. Na ɗebi ruwa da hannu na sha. Shekara huɗu ina shan ruwan burtsatse mai ɗanɗanon ƙarfe. Wannan yana da zaƙi, yana da ɗanɗanon dutse. Na wanke fuska, na jiƙa ƙeya. Ƙananan kifaye suka zo suna tsakurar yatsuna.

Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi. A wurin da 'yata ta nutse na zauna, jikina ya saki, na ji daɗin da ban ji ba tun ranar gudu. A kan dutsen can na fara yi wa Dinah magana, tana wanke ƙwarya, ta ce in matsa ina tare mata rana. A gefen can Susan ta koyi iyo, tana riƙe da wuyana tana ihu. Na zauna ina kallon su, ban san lokaci yana tafiya ba.

Bakan gizon ne ya fara ɓacewa. Na ɗaga kai. Rana ta taɓa tsauni.

Can ƙasa, siriri, na ji odar babur.

Na sa takalmi, na koma Tabarma. Taku ashirin ne. Na durƙusa, na ciro wuƙa. Na sa bakinta a ƙarƙashin ƙyallen.

Ƙarar ruwan ta ɗauke.

Ba raguwa ta yi ba. Ɗaukewa ta yi, kamar an kashe injin niƙa. Na waiga. Ruwan yana zubowa, fari, da ƙarfinsa. Babu sauti. Tsuntsaye sun yi shiru. Odar ma ban ƙara jin ta ba. Numfashina kaɗai nake ji.

Sai ƙamshin sabulun wanki.

Sai bugu. Tim. Tim. Tim. Jiƙaƙƙen zani a kan dutse.

Wata murya tana rera waƙa a hanci, ba kalmomi. Waƙar da 'yan mawaƙan coci suke koyo a watan da muka gudu. A wuri ɗaya takan kauce, ta koma baya ta sake. Na san inda take kaucewa.

A bayan labulen ruwan akwai mutum. Mace, ta ba ni baya, ta sunkuya tana wanki. Ruwan yana karkatar da siffarta.

Bugun ya tsaya.

"Baba."

A hankali, daf da kunnena, ko da yake tana can nesa.

Ban amsa ba. An ce ba a amsawa.

"Baba, har yanzu wannan malfar ce?"

Wuƙar ta faɗi daga hannuna.

"Susan," na ce.

"Ka rame. Ba ka cin abinci ne?"

"Ina ci."

"Me kake yi da wuƙa?"

"Uwarki ba ta da lafiya."

"Tana nan ai. Kullum muna tare. Ita ke yi mini kitso."

"Tana mutuwa, Susan."

Siffar ta miƙe tsaye, ba ta juyo ba. A bayanta, can cikin duhun kogon, wani abu ya motsa. Na zaci inuwar dutse ce. Dogo ne, kansa ya kai inda ruwan ke fara faɗowa. Ba shi da fuska da zan iya faɗa. Tsayawa kawai ya yi, kamar maigida da ya fito ya ga wanda ke taɓa masa kaya.

Sanyi ya taɓa mini gwiwa.

Na duba ƙasa. Ruwa ne. Tabarma tana sama da gurbin da tsayin mutum. Ruwan ya hauro tudu, shiru, ba kumfa, ya kewaye ni.

Na laluba na ɗauki wuƙar.

"Baba, kada."

Na rufe ido, na ja.

Ƙyallen ya tsinke. Wani sauti ya fito daga bayan ruwan, irin wanda yaro ke yi in an zare shi daga goyo. Na damƙi jan dutsen. Da ɗumi yake, kamar jikin mutum. Na cusa shi a aljihu.

Ruwa ya kai mini cinya.

Nawa yana nan gefe, baƙi, ruwan bai taɓa shi ba. Na san abin da kakata ta ce. Amma tsoro ya shige ni, irin wanda ban ji ba ko ranar harbi. Na ce a raina in kwashe duka biyu in ruga. Na miƙa hannu.

Aka riƙe mini wuyan hannu.

Ban ga hannun ba. Na ji yatsu, sirara, masu sanyi, fatarsu ta yi yaushi kamar ta wanda ya daɗe yana wanki.

Ba a ja ni ba. Riƙewa kawai aka yi.

Dogon abin ya sunkuyo. Na ji warin laka ta ƙasan ruwa, wadda rana ba ta taɓa gani ba.

Ruwa ya kai ƙugu.

"Baba." Muryar ta ƙanƙance, ta koma ta yarinya 'yar shekara biyar. "Da duhu a nan. In ka tafi da Mama, da wa zan zauna?"

Na dubi farin dutsen.

"Kada ka bar ni ni kaɗai."

Da hannun hagu na tura baƙin dutsen, har ya taɓa farin. Guntun ƙyallen yana yawo a kan ruwa, na kamo shi. Ya yi gajarta. Na yagi bakin rigata da haƙori.

"Sake ni in ɗaure," na ce.

Yatsun suka saki.

Na ɗaure su. Ban iya ƙullin Dinah ba, na yi irin na ɗaure akuya, sau uku.

Ƙarar ruwan ta dawo gaba ɗaya, kamar an fasa mini kunne.

Na ruga.

Ban san yadda na sauko ba. Duhu ya fara shiga tsakanin bishiyoyi. Na faɗi a gindin kaɗanya, na tashi. Ƙaya ta yage mini fuska. A bayana ina jin ruwa yana bin hanya, yana taɓa ganye, ba sauri, ba tsayawa. Ban waiga ba. Hannuna ɗaya yana kan aljihu.

Odar babur. Hagu. Na bi ta.

Na faɗo cikin ciyawar bayan coci. Idrisu yana tsaye, ya kunna fitilar babur, babban yatsansa a kan oda, bakinsa yana karatu. Ya haska ni. A jiƙe nake har ƙirji. Ba malfa.

"Ka samo?"

Na nuna masa jan dutsen.

Ya dube shi, ya dube ni. Ya dubi rigata da ta yage.

"Naka fa?"

Na hau bayan babur.

"Matiyu. Naka fa?"

"Ja mu tafi."

Bai ƙara tambaya ba. A hanya na ji bayansa yana girgiza, na yi kamar ban ji ba. A Gayam muka kwana wurin wani ɗan'uwansa. Gari na wayewa muka wuce.

Na tarar da Dinah a zaune a kan tabarma, Habiba tana ba ta kunu da cokali. Habiba ta ce tun jiya da magariba ta buɗe ido ta ce yunwa take ji. Na taɓa gashinta. A bushe.

Na ciro dutsen na ajiye a gabanta.

Ta daɗe tana kallon sa. Ta ture cokalin.

"Wa ya aike ka?"

Na sunkuyar da kai.

"Na ce wa ya aike ka, Baban Susan? Na roƙe ka? Tun jiya nake kasa kunne, babu komai. Shiru. Shekara huɗu ina jin ta, kullum, tana wanki, tana waƙa, tana kirana. Ka je ka yanke."

"Mutuwa kike yi."

"Na sani. Ka zaci ban sani ba?"

Habiba ta tashi ta fita.

"Ka bar mini yarinya ita kaɗai a cikin ruwa," in ji Dinah. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kwanta ta juya bango.

Kwana tara ba ta yi mini magana ba. Amma tana ci. Jiki ba ya shawara da mutum. Ta fara tashi, ta fara shara, kumatunta suka fara dawowa. Na ɗauke jan dutsen na ba Idrisu, na ce ya ɓoye inda ko ni ban sani ba. Na san ta. Da ta sami ƙarfin hawan tsauni za ta koma.

Fasto ya zo, na gaya masa kaɗan. Ya ce ba Susan ba ce, Susan tana wurin Ubangiji, ruhohi ne masu aron murya. Idrisu ma haka ya ce, aikin aljanu ne, sun iya kwaikwayo. Mai yiwuwa suna da gaskiya. Ina fata suna da gaskiya. Amma ko wane ne, da muryarta ya ce kada in bar shi shi kaɗai, ni kuma ubanta ne.

A rana ta goma Dinah tana gyaran ɗaki ta ɗaga matashin kaina. Ta tsaya. Ta matse shi, ruwa ya ɗiga a ƙasa. Ta je bayan ƙofa ta sauko da ƙwarya. Babu komai a ciki.

Ina zaune a waje a kan benci. Ta fito ta tsaya a kaina. Ta sa hannu a ƙeyata, ta shafa, ta dubi tafinta.

"Matiyu," in ji ta. Rabon da ta kira sunana tun kafin a haifi Susan.

"Na ɗaure da kyau," na ce. "Ba irin naki ba, amma zai riƙe."

Ta zauna kusa da ni. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba.

Wata biyar ke nan. Tuwo ya fara yi mini yawa, rabi nake ci. Na ƙara huda a bel ɗina. Dinah ta jure shekara huɗu a haka, amma ta fi ni ƙuruciya da shekara tara. Ta tambayi Idrisu inda dutsenta yake, sau biyu. Ya ce ya manta. Ta je wurin Habiba, ita ma ta ce ba ta sani ba. Na sa Idrisu ya rantse ba zai kai kowa Rafin Marke ba, ko bayan raina.

Da rana ba na jin komai sosai, sai kamar iska a cikin gora. Da yamma ne yake ƙaruwa, in rana ta kusa faɗuwa. Masu babura suna wucewa, yara suna wasa, ana kiran salla a masallacin layinmu, ni kuwa ruwa nake ji yana zubowa daga kan dutse. A ƙarƙashinsa kuma, bugu.

Lokacin Dinah takan bar abin da take yi. Ta ɗauko kujerarta ta ajiye kusa da benci. Ba ta magana sai ta ga na karkata kai.

"Tana nan?"

"Tana nan."

"Me take yi?"

"Wanki."

"Tana waƙar?"

"Tana yi."

"Ta wuce wurin nan da take kaucewa?"

Na saurara.

"A'a. Ta koma baya."

Dinah ta gyaɗa kai. Ta ɗauko tsumma ta goge mini ruwan da ke gangarowa ta ƙeyata.

"Jiya ta tambaye ki," na ce.

Hannunta ya tsaya.

"Me ka ce mata?"

"Na ce kin ci abinci."